Daga Takadda Zuwa Bagega: Wa Zai Karanta Kufanmu?

A bayan gonakin ƙauyenmu, tafiyar da ba ta kai ta sa'a guda ba daga Bagega, akwai wani fili da mu ke kira Kufai kurum, ba shi da wani suna bayan wannan. Kukoki ne manya guda bakwai ko takwas a tsaye wuri ɗaya, da wani dogon tudu da ya yi musu zobe, wanda in ba an gaya maka ba, ba za ka ce ganuwa ce ta kwanta ba. Sa'ad da mu ke yara, in muka kai awaki kiwo can, mukan tsinci tsingaro mai zane, da fasasshen kan lofe, da kashin maƙera baƙi ƙirin wanda mu ke harbin kurciya da shi. Kakata, Allah ya ji ƙanta, ba ta son wannan yawo ko kaɗan. Takan ce, "Kak ka kuskura ka tai can da tsakar rana, masu wurin na nan." Na tambaye ta su wane ne masu wurin, ta ce aljannu. Na ce to, wa ya gina ganuwar? Ta ce mutanen da. Iyakar tarihin wannan gari ke nan da na gada, alhali kuwa ina aji uku a jami'a.

Rabona da wurin yau shekara shida, domin hanyar ba ta biyuwa. Amma ƙanena ya gaya mini masu neman zinariya sun riga sun shiga, sun yanka tudun ganuwar, sun bar ramuka ko'ina. Su ba su ji tsoron aljannun ba. Mu ne, masu takardun shaida, har yanzu ba mu taka wurin da alƙalami ba.

'Yan'uwana ɗalibai, da ku samarin ma'aikata da kuka riga mu kama aiki, abin da na ke so in faɗa a wannan shafi shi ne kufai takarda ce, kuma mu da aka kashe wa kuɗin talakawa don mu iya karatu, wannan takarda ba mu iya karanta ta ba, ba mu kuwa damu mu koya ba. Ina ganin wannan sakaci ya fi ƙarfin abin kunya, ya zama hasara wadda a ke iya ƙidaya ta da rayuka. Don in nuna haka sai na ɗauke ku mu yi arewa tukuna, mu shiga hamada, sa'an nan mu komo gida.

A yammacin Agadas, ta wajen Ingal a ƙasar Nijar, akwai wani wuri da a ke kira Azelik. Fako ne da tsakuwa, sai ɗan ruwan marmaro da Buzaye ke shayad da raƙuma. Masu binciken kufai na Faransa, musamman Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, sun yi aiki a wurin a shekarun 1970, suka sami tushen gidaje na dutse, da masallatai, da maƙabartu, da tarin kashin maƙera da ɗigon jan ƙarfe barbaje a ƙasa. Galibin masana sun yarda cewa nan ne Takadda, garin da matafiyin nan na Maroko, Ibn Batuta, ya sauka a shekarar 1353 bayan ya baro Mali.

Abin da ya gani a can ya isa a tsaya a kansa. Ya tarad da gari mai gidajen jan dutse, mutanensa ba su noman kirki, sana'arsu fatauci, kowace shekara suna zuwa Masar su sayo tufafi. Arzikinsu kuwa duk daga rami ɗaya ya ke fitowa, watau mahaƙar jan ƙarfe da ke bayan gari. Ana haƙo dutsen, a kwaso shi a kawo cikin gari, a narka shi a cikin gidaje, bayi maza da mata ne ke wannan aiki. In ya narke sai a zuba shi sanda-sanda, wasu masu kauri wasu sirara. Masu kaurin 400 ke tashi miskali ɗaya na zinariya, sirarun kuwa 600 ko 700. Da su a ke ciniki a kasuwa: sirarun a sayi nama da itace, masu kaurin a sayi gero da alkama da man shanu da bayi. Ya kuma ambaci ƙasashen da a ke kai wannan ƙarfe, cikinsu har da Barno da wata ƙasa da ya rubuta Kubar, wadda masana suka ɗauka Gobir ce. Ashe tun shekara ɗari shida da saba'in da suka wuce, munduwar da ke hannun wata mata a ƙasar Hausa tana iya zama daga wannan fako ta fito. Har ila yau ya lura da wani abu wanda da na karanta shi sai da tsigar jikina ta tashi: ruwan garin yana bi ta kan ma'adinin, saboda haka launinsa da ɗanɗanonsa sun sāke.

Takadda ba garin 'yan tireda kaɗai ba ne. Shehu Maghili ya zauna can ya karantar kafin ya iso Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wajen ƙarshen ƙarni na 15. Amma da jan ƙarfen ya ja baya, Agadas kuma ta yi ƙarfi ta janye ayari zuwa gare ta, sai garin ya mutu, har sunansa ya ɓace wa mutanen da ke kiwo a kansa. Wani abin mamaki kuma, wajen 2010 an buɗe mahaƙar yuraniyom a wannan yanki na Azelik ɗin. Ƙasar ba ta gaji da bayarwa ba, mutane ne ke zuwa su wuce.

To, duk ɗan Anka ko Bukkuyum da ya karanta labarin Ibn Batuta zai ce ai wannan gidanmu a ke faɗi. A ƙarshen 2008 ana sayad da oza ɗaya na zinariya wajen dala 800 a kasuwar duniya, kafin 2011 ta ƙare ya haura dala 1,800. Manoman da ba su taɓa riƙe kuɗi mai kauri ba suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Suka yi daidai abin da mutanen Takadda suka yi: a haƙo dutse a daji, a kwaso shi a buhu a kawo cikin gida, a farfasa, a niƙa a injin da a ke niƙa gero, ko mata su daka a turmi da goyo a baya, a wanke, a kama zinariyar da zaiba. Ba wanda ya san dutsen nan cike ya ke da dalma. Agwagi suka fara mutuwa, ba a kula ba. Sa'an nan yara suka shiga jijjiga suna suma. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ta gano abin, bayan sababbin ƙananan kaburbura sun cika maƙabartun 'Yargalma da Dareta. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. An share ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011, amma Bagega, da ya ke ita ce babba kuma nan ne matattarar injinan niƙa, sai da ta jira. Yara kimanin 1,500 suka zauna ba magani, domin ba amfani a wanke jinin yaro a mai da shi ɗakin da ƙasarsa guba ce. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850, ba ta sake su ba sai a Janairun 2013, bayan matasa sun yi ta kururuwa a jaridu da intanet. A wannan shekara aka share garin.

Ba cewa na ke yi dalma ce ta kashe 'ya'yan bayin Takadda ba. Abin da na ke cewa shi ne Ibn Batuta ya gaya mana farashin sandar ƙarfe har zuwa miskali, ya gaya mana sunan alƙali da na sarki, amma game da waɗanda suka shaƙi hayaƙin narkin nan a tsakar gida, layi ɗaya ya ba su. Haka marubuta su ke tun fil azal, suna sauka gidan manya, su ci tuwon manya, su rubuta labarin manya. Wanda ya hura wuta ba ya shiga littafi. Wurin da ya ke shiga ɗaya ne, cikin ƙasa: murhunsa, da kaskonsa, da jujin bayan gidansa, da ƙashinsa. A Marandat, kudu da Agadas, inda wasu ke danganta asalin Gobirawa, an tono dubun dubatar 'yan ƙananan kasake na narka ƙarfe. Ba sunan maƙeri ko ɗaya da ya iso mu, amma ga aikin hannunsu nan tuli, mai ido yana iya ƙidaya yawansu, ya san inda suka samo ƙarfe da inda suka kai shi. Wannan shi ne amfanin kufai, shi kaɗai ne littafin da talaka ya rubuta da kansa.

Mu komo Zamfara. Ƙasar nan tamu, in dai kufai a ke nema, ba ta bukatar aro. Sarautar Zamfara ta fara zama a Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yau, inda a ke nuna kaburburan sarakunan farko. Daga nan aka gina Birnin Zamfara, kusa da Isa. Gobirawa da suka gangaro daga arewa aka ba su masauki a Alƙalawa, baƙo ya yi ƙarfi, wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci birnin, Sarkin Zamfara Maroƙi ya fice zuwa Kiyawa. Alƙalawar ita ma ba ta yi shekara hamsin cikakku tana mulki ba, ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, aka kashe Yunfa. Sarautar Zamfara kuwa ta yi ta ƙaura, har Sabon Gari inda jama'ar Shehu suka yi zango a 1805, kafin ta tabbata a Anka. Kowane zango kufai ne a yau. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, sai iyaka ta bar Birnin Zamfara a cikin Jihar Sakkwato, watau jihar ta ɗauki sunan ta bar gawar. Ina so in san ɗalibai nawa ne a cikinmu, 'yan wannan jiha, suka taɓa tsayawa a kan ganuwarsa. Ni dai ban taɓa ba, kuma ban faɗi haka da alfahari ba.

Abin da aka rubuta a kan wannan doguwar tafiya kaɗan ne ƙwarai. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zauna da dattawan Anka ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a 1959. Marigayi Dokta Garba Nadama, wanda daga baya ya yi Gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka musu. Amma yawancinsa daga bakin fada ya fito da littattafan waɗanda suka ci Zamfara da yaƙi, jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Yaya girman birnin ya ke? Me su ke ci? Ina marinarsu, ina maƙerarsu, da wa su ke ciniki? Wannan sai ƙasa za ta faɗa, ita kuwa ba a tambaye ta sosai ba.

Ko Surame, birnin Kanta na Kabi, mai ganuwar dutse wadda ba ta da na biyu a ƙasar Hausa, an sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, an kuma miƙa sunanta ga UNESCO a 2007, amma tambayi ɗalibi goma a ɗakin cin abinci ka ji ko biyu za su gaya maka a wace jiha ta ke. Alhali wannan Kanta shi ne ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, suka ɓata a kan ganima, ya tsaya da ƙafarsa Songai ta kasa tanƙwara shi. In da a wata ƙasa ce, da yaran firamare sun haddace ƙofofinta.

Wurin da mai ilmi ya ƙi zuwa, ɓarawo ba ya ƙi. A shekarun 1990 'yan tono suka afka wa Kwatarkwashi, suka kwashe mutum-mutumin yumɓu na mutanen farko, aka yi Turai da su. Abin ya kai har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa irin waɗannan kayayyaki na yankin Sakkwato da Katsina da Nok a jerin abubuwan da ta yi gargaɗi kada a saye su a shekarar 2000. Hasarar ba ta tsaya ga kayan da aka ɗauke ba. Tukunya in tana kwance inda mai ita ya bar ta, da gawayi a gefenta, da abin da ke samanta da ƙarƙashinta, ana iya auna shekarunta a san zamaninta. In aka fizge ta, ta zama ado a falon wani attajiri a Faris, ramin kuma ya zama rami kawai. Kamar a yage shafi ne daga littafi, a yanke hoton a ƙone rubutun. Doka tana nan tun 1979 da aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai.

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini a ɗakin kwananmu. Wani abokina, ɗalibin aikin likita, ya ce, "Malam, ana sace mutane a hanyar Anka, kai kana zancen tsingaro?" Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ga amsata. Je ka Anka ka ga mutanen da suka baro ƙauyukansu suka tare a cikin gari. Kowane ƙauye da aka watse a shekarun nan, kufai ne sabo. Damina biyar ta isa ta kwantad da katangar ƙasa, shekara ashirin ta isa ta mai da gari tudu da kukoki, irin wanda na yi kiwo a kai. Kufan da kakata ta ba aljannu, ai haka ya faru, wata shekara an kori wasu mutane, ba wanda ya rubuta sunan garinsu ko abin da ya kore su. Muna kallo ana sake yin haka a gabanmu, kuma wannan karon akwai mu, masu biro da waya mai ɗaukar murya. In yau ba a rubuta cewa gari kaza yana nan, rijiyarsa nan, maƙabartarsa nan, gonar wane ta tsaya a tsamiyar can ba, ranar da zaman lafiya ya dawo, da me marayan zai kafa hujja a gaban alƙali, in ya tarar wani mai lasisin haƙar ma'adini ya kewaye wurin da waya? An hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, an ɗage hanin a Disambar 2024. Masu lasisi suna da taswira. Mai ƙauyen ba shi da komi sai abin da ke kan tsohuwarsa.

Wani kuma ya ce mini yawon kufai bin sawun jahiliyya ne. Wannan ba ta da wuya. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya umurci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa, a farkon Infaƙul Maisuri, sai da ya tsaya ya ba da labarin ƙasashe da asalin mutanensu, har da Azbin da Gobir da Zamfara. Dubawa a ke so, ba bauta ba.

Saura maganar hanya, ita kuwa gaskiya ce, ba na cewa kowa ya jefa kansa daji. Amma aiki da yawa ba ya bukatar shiga daji. Hoton tauraron ɗan'adam da ke cikin wayar kowannenmu yana nuna zoben tsohuwar ganuwa sarai, ya fi ma yadda mai tsayuwa a ƙasa zai gani. Dattawan da suka san sunayen wuraren nan suna zaune a Anka da Gummi da Bukkuyum da Gusau, ba aikin fari ba na baƙi, suna kuwa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar ɗalibai tana kashe kuɗi kowace shekara a kan makon al'adu, mu sa rawani mu hau dokin haya, a ɗauki hoto a watse. Da za a ware ko da rubu'in wannan kuɗi a ba ɗalibai ashirin, kowa ya koma ƙaramar hukumarsa lokacin hutu da littafi guda, ya zauna gaban tsofaffi ya ce, "Baba, ina kufaifan ƙasar nan, su wa suka zauna, me ya tashe su?" sa'an nan a tara littattafan a sashen tarihi, a shekara uku da mun yi abin da ba a yi ba tun zamanin Krieger. Akwai sashen ilmin kufai a Zariya da zai koya mana yadda a ke aunawa da zanawa ba tare da an ɗaga ko tsingaro ɗaya ba. Sharaɗin ke nan babba: a duba, a auna, a rubuta, a bar kome inda ya ke.

Ku kuma samarin ma'aikata, musamman na ofishin ƙasa da safiyo da na lafiya, akwai wani kufai guda da na ke roƙonku a kansa. Sa'ad da aka share Bagega da sauran ƙauyukan, kankare ƙasar saman tsakar gidaje da lunguna aka yi, aka kwashe ta aka binne a manyan ramuka a bayan gari, aka rufe, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Dalma ba ta ruɓewa. Tana nan a ramukan yadda aka zuba ta, za ta kuma kai shekarun da kashin maƙeran Takadda ya kai har ta wuce. MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jiha a 2022. Waɗanda suka tuƙa motocin kwasar ƙasar suna nan da ransu, sun san kowane rami. Amma gari yana girma, yana bin bayan gari, mai gini kuwa in zai yi tubali, tudu mai laushi ya ke nema. Ya kamata a ce taswirar ramukan nan tana sakatariyar ƙaramar hukuma a Anka da Bukkuyum, kofi ɗaya wajen hakimi, ɗaya a makarantar firamaren garin, a kafa turakun siminti a kusurwoyin kowane rami da rubutun boko da na ajami. Wanda duk ya ke aiki a ɗayan ofisoshin nan, ya buɗe kabad ranar Litinin ya duba ko tana ciki.